Tsutsar hanta: kada tsayi ya yaudare ka

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ka ce ka ciro tsutsar hanta daga saniya da tunkiya don aikin makaranta, ta saniya ta fito doguwa, ta tunkiya gajera, shin iri biyu ne? Dakata tukuna kafin ka rubuta haka. Na daɗe ina duba nama a kwata a nan cikin Kano, kuma ni kaina tsayin nan ya sha ruɗa ni.

Wadda muka fi cin karo da ita a nan ita ce Fasciola gigantica, siririya kamar ganye, takan kai santimita 7 har da ɗoriya. 'Yar'uwarta Fasciola hepatica, ta ƙasashen sanyi da tsaunuka, da wuya ta wuce santimita 3, kuma ita mai kafaɗa ce, wato jikinta na yin faɗi daga bayan kai. Sai dai gigantica ba kullum take cika tsayinta ba, ya danganta da gidan da ta sauka.

Hantar saniya faɗa take yi da ita. Hanyoyin ruwan matsarmama su yi kauri, su yi fari, har ka ji wuƙa na ƙaras-ƙaras kamar ta shiga yashi. Mahauta tun daga wannan ƙarar suke sanin hantar nan ba ta kasuwa ba ce. Ta tunkiya ba ta yin wannan taurin, tsutsa kan yi shekaru a ciki hankali kwance. Amma hantar ƙarama ce, idan suka yi cincirindo sai kowacce ta tsumbure. Sau da yawa ma tunkiyar da ta kwasa da yawa ba ta kai lokacin da za su girma, tun suna 'yan ƙanana suna huda hantar take faɗuwa. A zomo ko ɓera na ɗakin gwaji kuwa, ƙanana suke fitowa, alhali iri ɗaya ne.

Sannan ka san yaushe dabbar ta ci? Daga ranar da ta haɗiye ta a ciyawar fadama, inda katantanwar ruwa ke zubar da ita, sai an yi wata 3 zuwa 4 kafin tsutsar ta balaga. Sa da ya yi rani a fadamun Haɗeja da tunkiyar da ta kamu jiya-jiya ba za su ba ka awo ɗaya ba.

Ina sabon shiga na taɓa jefa tsutsotsin cikin fomalin, sinadarin hana ruɓewa, da ransu, suka takure, na dawo ina murna wai na samo hepatica. Maigidana ya yi dariya, ya ce in bar wasu su saki jiki a ruwan gishiri mai ɗumi, in shimfiɗe su tsakanin gilashi biyu. Da na sake awo, kunya ta ishe ni.

Idan kuwa ka ga 'yan mitsi-mitsi, ƙasa da santimita 1, sirara har kana hango cikinsu, ka yi zargin Dicrocoelium hospes, wadda dabba ke samu ta haɗiyar tururuwa.

Don haka rubuta dabbar, ƙirga tsutsotsin kowace hanta, gwada tsayi da faɗi tare, ka duba kafaɗa. Ajiye wasu a cikin sinadarin etanol, ko malaminka zai nemi gwajin DNA, domin an samu barbarar yanyawa tsakanin irin biyu a Masar da ƙasashen Asiya. Turo hotunan, ka ajiye rula a gefensu, mu gani.