Amsa ga Hajiyar da tumatirinta ke ƙonewa a Agege

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce tumatirin da kika shuka a buhuna bayan gida ganyensa na yin tabo yana bushewa, dankalin turawan da ke gefe shi ma ya kamu, kina tambayar maganin da za ki fesa.

Kafin ki kashe kuɗi, ki tsinko ganye ɗaya ki duba. In tabon ruwan ƙasa ne mai zobe-zobe a ciki, gefensa ya yi rawaya, kuma daga tsofaffin ganyen ƙasa ya faro yana hawa, to cutar da ke son zafi da laima ce, ita na fi gani a nan Legas. Akwai 'yar'uwarta mai sa ganye ya yi baƙi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, da farar fumfuna a bayansa. Wannan sanyi take so, ita ke addabar manoman dankali a Filato da damina. In kuwa shukar ta yi yaushi gaba ɗaya alhali ganyen na nan kore, ki yanki karan ki tsoma a ruwa cikin kofin gilashi. Kika ga farin abu na tsiyayowa, babu feshin da zai cece ta, ki tuge ki zubar har da ƙasar buhun.

Ni ma a buhu nake nomana a Idi-Araba, kuma abin da na lura shi ne ruwan Yuni da Yuli ne ke yi mana ɓarnar. Yana dukan ƙasa, ta fantsamo kan ganye da cutar a ciki. Don haka ki cire duk ganyen da ya kamu da wanda ke taɓa ƙasa, ki ƙona, kada ki jefa cikin taki. Ki kafa wa kowace shuka sanda, ki raba buhunan iska ta ratsa (mun cika cunkusa su saboda ƙarancin fili), ki rufe bakin buhun da busasshiyar ciyawa. Ban ruwa kuma a gindi, da safe.

Maganin feshi mai sinadarin kashe fumfuna da ake kira mancozeb, ko mai sinadarin jan ƙarfe, yana aiki a kan cututtukan ganyen nan biyu, amma kare lafiyayyen ganye yake yi, ba ya dawo da wanda ya mutu. Ana maimaitawa bayan kwana 7 zuwa 10, musamman in ruwa ya wanke. Ki bi ma'aunin da ke jikin takardar, da kwanakin da aka ce a jira kafin a tsinka a ci.

Dankalin turawa dai ki haƙura da shi. Danginsu ɗaya da tumatir, cuta ɗaya suke ɗauka, ga shi zafin daren Legas ba ya barinsa ya yi 'ya'ya sosai. Ki sa dankalin Hausa a wurin, shi wannan cutar ba ta kama shi. Tumatirin gaba ki bari sai Nuwamba, ruwa ya ɗauke, cikin sabuwar ƙasar da ba a taɓa shuka barkono ko gauta a cikinta ba, don su ma dangin tumatir ne.