Zauren Lissafi: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba mu 3(x − 4) = 2x + 5. Na samu x = 9, amma malaminmu ya ce 17 ne. A ina na kauce? Daga wata ɗaliba 'yar aji uku a ƙaramar sakandare, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. A wurin buɗe baka kika kauce. Kin ninka 3 da x, kika bar 4 yadda take, shi ya sa kika samu 3x − 4. Ai ukun nan da ke waje tana da hakki a kan duk abin da ke cikin baka. Daidai shi ne 3x − 12 = 2x + 5. Ɗebe 2x daga kowane ɓangare, saura x − 12 = 5. Ƙara 12 a kowane ɓangare, x = 17.

Tun kafin malam ya karɓi takarda za ki iya kama kuskuren da kanki. Mayar da 9 gurbin x: hagu ya ba da 15, dama 23, ba su haɗu ba. Sa 17 kuwa, kowane ɓangare 39.

Akwai wata magana da ake yawan koya wa ɗalibai, wai "in lamba ta ƙetare sai ta canza alama". Ba ma son a dogara da ita, domin ita ke sa yaro ya ga 2x = 10 ya rubuta x = 10 − 2, alhali rabawa ake yi, amsa 5. Ɗauki alamar daidai kamar sikeli: abin da kika yi wa hagu, yi wa dama. A kula kuma da alamar ɗebewa a gaban baka: 10 − (x − 3) yana zama 10 − x + 3.

Tambaya: Malam, tsani mai tsawon mita 5 an jingina shi da bango, gindinsa na nesa da bangon da mita 3. Na yi 25 + 9, na samu tsayin kusan mita 5.8. Haka ne? Daga wani ɗalibi mai shirin WAEC, Katsina.

Amsa: A'a ɗana. Tsanin mita 5 ba zai kai tsayin 5.8 ba ko da a miƙe aka tsayar da shi. Bango da ƙasa sun haɗu a kusurwa mai digiri 90, tsanin kuma shi ne gefen da ke fuskantar wannan kusurwa, wato mafi tsawo a alwatikar. A ƙa'idar Pythagoras, wadda ke danganta tsawon gefuna uku na irin wannan alwatika, shi kaɗai yake zama a ɓangare ɗaya: 5² = 3² + h², inda h shi ne tsayin da tsanin ya kai a jikin bango. Saboda haka ɗebewa za ka yi, 25 − 9 = 16. Lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba da 16 ita ce 4. Tsayin mita 4 ne.

Kafin ka taɓa lamba, zana hoton ka gano dogon gefen. Da wannan 3, 4, 5 ɗin magina ke daidaita kusurwar harsashi: su auna santimita 60 a igiya ɗaya, 80 a ɗayar, in tsakaninsu ya ba da 100 cif, kusurwar ta tsaya daidai.