Amsa ga Yaya kan dabbar da muke ajiye wa yara a Ingila

Yaya, ina gaisuwa, ina kuma gaida mutan gida. Ka tambaye ni ko gaskiya ne Hausawan da ke zaune a Ingila suna sa kuɗinsu su sayi ɓera su ajiye wa yara a ɗaki, har in ya yi ciwo a kai shi asibiti. Gaskiya ne, sai dai ba ɓeran rumbu ba ne, kuma ba kowane gida ba. Bari in yi maka bayani yadda abin yake a nan Manchester, a tsakanin iyalan da muke hulɗa da su.

A gida, in aka ba yaro kaza ko 'yar akuya, jari aka ba shi. Kaza ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, a sayar a sayi akuya, akuya ta haihu, ran da za a yi masa kayan Sallah ko kuɗin makaranta a kama ɗaya a kai kasuwa. Abincinta dusa ne da ƙanzo da abin da ta tsinta a waje. A nan kuwa dabbar yaro ba ta kawo ko sisi. Ci take yi, a share mata, a biya mata magani, har ranar da za ta mutu. Shi ya sa yawancinmu muka daɗe muna ƙi. Abin da ke karya mana gwiwa yaran ne. A aji malama za ta ce kowa ya ba da labarin dabbar gidansu, ɗanka ya yi shiru. Ga hunturu, a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, yaro ya dawo makaranta ba tsakar gida, ba ƙofar gida, ba 'yan'uwa goma da za su yi langa, sai waya da talabijin. Uwa ta duba ta ga gara ya sami wani abu mai rai da zai kula da shi.

Abin da suke fara roƙo kare ne, don shi suke gani a hannun abokansu. Wannan kusan duk gidajenmu an rufe ƙofarsa, ka san hukuncin ajiye kare in ba don farauta ko kiwo ko gadi ba, ga shi a nan karen cikin ɗaki yake kwana, wani har kan gado. Kaza da tattabaru da muka saba da su ma da wuya. Zakara ya yi cara da asuba, maƙwabci ya kai ƙara ƙaramar hukuma. Yanyawa tana yawo cikin gari da dare, tana haura katanga ta shiga akurki. Sannan tun watan Oktoba na 2024 ko kaza ɗaya gare ka a bayan gida sai ka yi mata rajista da gwamnati saboda murar tsuntsaye. To sai a koma kan ƙananan da ke zama a keji, ko kuma kyanwa.

Kafin a kai ga zaɓi akwai doka, kuma ita ce ke ba sabon zuwa mamaki. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta hana a sayar wa yaron da bai kai shekara 16 ba dabba. Ko ka ce ta yaro ce, a wajen hukuma alhakinta yana wuyan iyaye. Dokar ta lissafa abin da dabba ke bin mai ita: wurin zama da ya dace da ita, abinci, damar yin ɗabi'arta ta asali, zama da 'yan'uwanta ko ita kaɗai gwargwadon halittarta, da kariya daga ciwo da wahala. Akwai ƙungiyar kare dabbobi daga zalunci, RSPCA, wadda aka kafa tun 1824, maƙwabci na iya kiran ta in ya ga zomo a wulaƙance a bayan gidanka. Kotu na iya hana mutum sake ajiye dabba, kuma tun 2021 hukuncin mummunan zalunci ya kai shekara biyar a gidan yari. Mu dai da muka taso da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Bambancin kawai, a nan tun a duniya ake fara tuhuma.

Wanda kake kira ɓera, ina jin hamsta kake nufi. Asalinsa daga Siriya ne, a wajen Halab aka kamo kakanninsa a 1930. Shi ne mafi arha, kejinsa bai cin wuri, shi ya sa iyaye da yawa ke farawa da shi. Ni ban ba kowa shawarar sa ga ƙaramin yaro. Da rana barci yake, lokacin da yaro ke son wasa ke nan, in aka tashe shi ya yi cizo. Sai an kwanta ya fito ya hau 'yar tayarsa yana gudu har asuba, kana jin ƙararta daga ɗaya ɗakin. Ba ya zama da ɗan'uwansa, in ka haɗa biyu sai sun yi wa juna rauni. Shekara biyu zuwa uku ya mutu. Ga kuma manyanmu: wata baiwar Allah da mahaifiyarta ta zo mata jego daga gida, tsohuwar ta ce ba za ta yi salla a ɗakin da ake kiwon ɓera ba, sai da aka mayar da kejin ƙarƙashin matakala har ta koma.

Zomo kowa na ganin shi ne mai sauƙi, don mun san shi a gida. Shi ya fi duka wahala. Yakan kai shekara 8 zuwa 12, wato yaron da aka saya wa yana firamare zai tafi jami'a ya bar wa uwarsa. Ba ya son a ɗaga shi sama, in ya fizge daga hannun yaro bayansa na iya karyewa. Duk shekara sai an yi masa allurar rigakafi. Yana buƙatar abokin zama da fili mai faɗi, in kuma aka sake shi a falo ya bi wayoyin lantarki da na caja ya gwaguye.

Ni abin da na ajiye wa nawa, kuma abin da nake gaya wa duk wadda ta tambaye ni, ɓeran Masar ne, mata guda biyu. Ka san shi, yara na kiwon sa a gida ma. Asalinsa daga tsaunukan Kudancin Amurka ne, a ƙasar Peru har gobe nama ne, gasa shi ake yi. Dalilina shi ne halinsa ya yi daidai da na yaro. Da rana yana farke. Da wuya ya yi cizo. Ba ya hawa, ba ya tsalle ya tsere, in aka ɗora wa yaro a cinya da tawul sai ya lafe yana cin ganye. Yakan yi shekara biyar zuwa bakwai, bai yi gajarta ba, bai kuma zama kaya ba. Dole su zama biyu don ba ya jure kaɗaici, a Suwizalan ma doka ce ta hana ajiye guda ɗaya. Amma a tabbata jinsi ɗaya ne, don in aka haɗa mace da namiji, bayan wata biyu da 'yan kwanaki sai ka wayi gari da 'ya'ya, da gashinsu, idonsu a buɗe, suna yawo a keji.

Hidimarsu ba ta da wuya amma ba ta da hutu. Busasshiyar ciyawa ce babban abincinsu, a leda ake sayar da ita a kanti, kuma ba a bari ta yanke domin haƙoransu ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. Jikinsu ba ya haɗa sinadarin bitamin C da kansa, don haka kullum sai an ba su ɗanyen ganye ko tattasai. Namu sun gane ƙarar buɗe firji. Da na ja murfin, ko ruwa zan ɗauka, sai su miƙe su dafa ƙarfen keji da ƙafafun gaba su ɗau fito, wi-wi-wi, ba su yin shiru sai an yanka musu kokwamba. Autata ce ke da aikin safe, kafin ta sa takalmin makaranta ta cika musu kwalbar ruwa ta zuba ciyawa. Yayanta ke kwashe kashi da ɗan tsintsiya da yamma. Wankin keji gaba ɗaya na ƙarshen mako kuwa, da sauya shimfiɗa, da fitar da shara cikin ruwan sama, wannan nawa ne, kuma duk uwar da za ta shiga harkar nan ta sa a ranta nata ne. Kejin ma ba ƙarami ba ne, na guda biyu tsawonsa ya haura mita ɗaya, sai ka ba shi gefen falo ko ɗakin cin abinci. Mu mun nisanta shi da inda muke salla, kuma an saba wa yara wanke hannu duk sanda suka taɓa su.

Kyanwa ita ce wadda zuciyar mutanenmu ta fi kwanciya da ita. Ba mai gardama a kan tsarkinta, hadisi ya ce tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, ga kuma laƙabin Abu Huraira da kowane yaron Islamiyya ya sani. Larabawa da 'yan Pakistan da muke masallaci ɗaya da su ma ita suka fi ajiyewa. Sai dai kyanwar nan ba irin ta gida ba ce da ke shigowa ta ci ɓera ta lashi kwano ta fita. Tun Yunin 2024 doka ta wajabta a dasa wa kowace kyanwa a Ingila wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gano mai ita, kafin ta cika mako 20. Wanda ya ƙi, tara na iya kai fam 500. Tana iya haura shekara goma sha biyar. Likita zai ce a yi mata aikin hana haihuwa, kuma a nan malamai sun saɓa, wasu sun hana, wasu sun yi sauƙi in barin ta zai jawo 'ya'yan da ba mai kula da su. Akwai kuma masu ƙyamar cinikin kyanwa saboda hadisin da ya zo a kan kuɗinta, su sukan je gidajen da ake tara dabbobin da aka yasar su ɗauko, su ba da abin da aka yanka na hidima. Ni a ganina kyanwa ta mai gidan kansa ce. Mu da yawanmu haya muke, sai da yardar mai gida, kuma in ta yage kafet daga kuɗin ajiyarka za a cire.

Kifi da tsuntsu ba sai na ja ba. Kifin ado yaro ba ya iya taɓa shi, mako biyu ya gaji da kallo, ga tankin na son na'urar tace ruwa. Ƙaramin akun nan na Ostareliya mai launin kore ko shuɗi yana da daɗin sha'ani in za ka jure surutu da gashi a ko'ina. Babban aku irin namu mai jan wutsiya kuwa sai da takardu, don tun 2017 aka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe, kuma yakan yi shekaru masu yawa, ba na yaro ba ne.

Abu biyu ne suka fi sa iyalanmu ja da baya, kuma Bature bai cika damuwa da na farkon kamar mu ba. Mu matafiya ne. Hutun bazara mako shida ne, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, kuma wanda ya tara kuɗin jirgi na mutum biyar ba zai yi mako ɗaya ya dawo ba. Ga Umara, ga rasuwa da ke tashin mutum ba shiri. Akwai wuraren da ake kai dabba ajiya, kuɗin kwana ake biya. Mu dai karɓa-karɓa muke yi a tsakaninmu: bana in ɗauki kejin wance zuwa gidana, baɗi ta ɗauki nawa. Keji ana sa shi a bayan mota, kyanwa kuwa ba ta son sauyin gida, sai dai a ba wa wani makulli ya riƙa zuwa. Na biyu kuɗin likita. Mutum a nan asibitin gwamnati kyauta yake zuwa, dabba kuwa ba ta da wannan gata, ganin likita kawai kuɗi ne kafin a zo maganar magani. Wasu na biyan inshora duk wata, masu ƙaramin ƙarfi da ke karɓar tallafin gwamnati kuma akwai ƙungiyar PDSA da ke duba musu. Na san za ka ce kuɗin da za a kashe wa ɓera ai gara a turo gida a sayi buhun masara. Mu ma muna faɗa wa junanmu haka, kuma akwai gidajen da a kan wannan dalilin kaɗai suka ce ba za su ajiye komai ba. Ban ga laifinsu ba.

In dabbar ta tsufa ko ciwo ya ci ƙarfinta, likita zai kawo shawarar allurar da za ta kashe ta ba wahala. Yawancinmu sai mun tambayi malam kafin mu amsa. Yaro kuma zai yi kuka sosai, kuma mun daina cewa "don ɓera kake kuka?" Malamin Islamiyyarsu ne ya tuna mana da ƙanen Anas bin Malik, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tsokanar sa yana tambayar sa labarin tsuntsun.

Sai roƙo ɗaya, Yaya, tunda muna sa ran zuwa hutu in Allah ya yarda. Yaran nan ba su taɓa ganin yanka ba. A nan layya ba a yin ta a gida, a mayanka mai lasisi ake yi, nama ya zo mana a yanke cikin leda. Duk dabbar da suka gani a tsakar gida za su ɗauka irin tasu ce, su raɗa mata suna, su riƙa kai mata abinci. In akwai zomo ko zakaran da aka ware don tarbar mu, a gaya musu tun ranar farko cewa na miya ne, ko kuma a yanka kafin mu iso.