Kada ka haɗa Auschwitz da wani wuri a rana ɗaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce bayan taronku a Poland kwana uku za su rage maka, kana son ka ga tsoffin gine-ginen sarakuna da wuraren yaƙin duniya na biyu, ko za a iya haɗa su a rana ɗaya don ka samu lokacin sayayya. To ni na taɓa yin wannan gangancin, bari ka ji yadda ta kaya.

A Krakow na sauka, wani kamfanin yawon buɗe ido ya sayar min da tikiti guda, wai da safe Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi na Jamus suka riƙa kashe mutane lokacin yaƙin duniya na biyu, da yamma mahaƙar gishiri ta Wieliczka, ni kuma na ga ai an min sauƙi. Wallahi ashe wahala na saya. Daga Krakow zuwa Auschwitz kusan kilomita 70 ne, kuma sansani biyu ne ba ɗaya ba, Birkenau na gaba da kamar kilomita 3, filin da in ka tsaya a bakin layin dogon da ake sauke mutane da ƙyar ka hango ƙarshensa. Mutum kusan miliyan 1.1 aka kashe a nan, yawancinsu Yahudawa, kafin sojojin Sobiyet su iso ranar 27 ga Janairu 1945. Amma ba lissafin ne ya kashe min jiki ba, akwatunan ne, ana ganinsu ta gilashi kowanne da sunan mai shi da farin fenti, mutum ya rubuta sunansa don yana sa ran za a mayar masa da kayansa. Akwai ɗakin da aka tara gashin mata, nan an hana ɗaukar hoto, kuma ko ba a hana ba hannunka ba zai ɗagu ba. To daga wannan a ce maza ku hau mota, a kai ka ƙarƙashin ƙasa kana taka matakala kusan 800 jagora na ta barkwanci kan gishiri? Jikina na can amma hankalina bai bi ni ba.

Ka ba Auschwitz yininsa shi kaɗai. Ka yi rajista ta intanet tun da wuri don gurbi na ƙarewa, sunan ya zama daidai da na fasfo, kuma ƙaramar jaka kawai ake bari.

Wata ranar sai ka yi cikin garin Krakow da ƙafa, gidan sarauta na Wawel da babban dandalin da aka shata tun 1257. Duk awa ɗaya ana busa ƙaho daga hasumiyar cocin da ke dandalin, sai busar ta katse kwatsam, wai tunawa da mai gadin da aka harba da kibiya a maƙogwaro yana gargaɗin zuwan mahara 'yan Tatar. Almara ce dai amma ka tsaya ka ji. Ka sa takalmi mai taushi, duwatsun titin nan ba su da mutunci.

In jirginka ta Warsaw zai tashi ka leƙa tsohon garinsu, za ka rantse ya shekara ɗari biyar alhali Jamusawa sun rushe kusan dukkansa a 1944, bayan yaƙi aka sake gina shi. Af, kuma ka canza kuɗi zuwa zloty, su ba yuro suke kashewa ba.