Maus yana tsalle, belun kunne suna yankewa

Tambaya: Malam, maus ɗina mara waya yana ba ni wahala a kwamfutar tebur. Kibiyar takan tsaya cak, sai kuma ta yi tsalle. Na canza batir, abin bai daina ba.

Amsa: Tunda ka sa sabon batir, ni ban zargi maus ɗin ba. Leƙa inda ka soka ɗan makarɓin da ya zo da shi, wato 'yar na'urar USB da ke karɓar siginar maus ɗin. In cikin ramin shuɗi ne, to USB 3.0 ne, kuma irin wannan rami yana fitar da hayaniyar lantarki a zangon gigahaz 2.4, daidai inda maus ke magana da makarɓinsa. Abin ya fi muni idan akwai filash ko ma'ajiyar bayanai ta waje tana aiki a ramin da ke maƙwabtaka da shi. Ga akwatin kwamfutar na ƙarfe ne: makarɓi yana baya, a ƙarƙashin tebur, ina sigina za ta bi?

Mayar da shi ramin USB 2.0, wanda galibi cikinsa baƙi ne. Abin da ya fi ma, ka sami wayar ƙari ta USB mai tsawon mita 1, ka jawo makarɓin ya zauna a kan tebur kusa da hannunka.

Idan kuwa sai ka ɗan bar maus ɗin ne yake yin barci, Windows ce ke kashe ramin don tattalin wuta. Buɗe Device Manager, wato shafin Windows da ke jera na'urorin kwamfutar, ka nemo USB Root Hub a cikin jerin, ka shiga Power Management, ka cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe na'urar.

Tambaya: Malam, belun kunnena na Bluetooth lafiya lau suke a waya, amma a kwamfuta da na ɗan matsa baya sai sauti ya yanke.

Amsa: Malama, duba bayan akwatin. Kin ga wasu ƙananan kawuna biyu masu ruwan zinare da zaren ɗauri? Gurbin eriya ne. Mutane da yawa suna barin eriyar a kwali saboda da kebul suke shiga intanet, sun ɗauka ta Wi-Fi ce kaɗai. Alhali a yawancin kwamfutoci kati ɗaya ne ke ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth, eriyar ma tare suke amfani da ita. Ɗaura duka biyun da hannu, kada ki matse da filaya, ya kamata ki samu kusan mita 10 in babu bango a tsakani. In yankewar ta ci gaba, mayar da Wi-Fi ɗinki zangon gigahaz 5, ki kashe Bluetooth na wayarki don kada ta riƙa fizge belun, sannan ki goge su daga jerin na'urorin kwamfutar ki sake haɗawa.