Ga mai zuwa taro Sakkwato yana tambayar inda zai ci abinci

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce wurin aikinku ya turo ka taron kwana uku a Sakkwato, ba ka taɓa zuwa ba, kana neman sunayen gidajen abinci masu tsafta, domin kusan duk garin da ka je taro sai cikinka ya ɓaci. To, Allah ya kawo ka lafiya.

Shawarata ta farko, kada ka rataya ranka a kan suna. Gidan abinci mai girki ce. Ranar da ta bar wurin, ko aka canza mai yin cefane, allon ƙofa yana nan amma hannun ya tafi. Abin da ke raba baƙo da ciwon ciki abu biyu ne: ya san ƙarfe nawa aka sauke tukunya, kuma ya ga yawan masu ci daga cikinta. Wannan zai yi maka aiki a Sakkwato, zai kuma yi maka a duk garin da aka sake tura ka.

Ka fara da duba takardar gayyata ka ga inda za a zauna. Taruka a nan sun fi yawa a babban zauren taro na Kasarawa, ko ɗakin taro na cibiyar Sultan Maccido, ko manyan otal irin Giginya da Shukura, ko kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wannan yana da muhimmanci saboda hutun rana yawanci awa guda ne, kuma a cikinsa za a yi alwala da azahar. Idan a mazaunin dindindin na jami'a ne, to yana wajen gari. Kada ka ce za ka shigo gari ka ci ka koma, zuwa da dawowa kawai sun cinye hutun. A can ka nemi inda malaman jami'ar ke ci. Idan kuwa cikin gari ne, duk abin da ya wuce tafiyar minti goma a keke napep ka bar shi sai dare.

Sai wanda za ka tambaya. Mai karɓar baƙi a otal mutumin kirki ne, amma ɗakin cin abincin otal ɗinsu zai nuna maka, ko wurin da yake ganin ya dace da babban mutum, wato mai tsada. Ɗan kabu-kabu kuma inda shi yake ci zai kai ka, cikinsa kuwa ya saba da abin da naka bai saba ba. Waɗanda ka fi buƙata su ne ƙananan ma'aikatan ofishin da ya shirya taron: sakatare, masinja, direban ofis. Su ake aika sayen abincin rana kullum, kuma idan ya ɓata wa oga ciki su ake yi wa faɗa, saboda haka sun tace wuraren tun kafin ka zo. Kada ka ce musu "ina ne ya fi kyau?" Ka ce, "Ina kuke sayo wa oga abinci? Ƙarfe nawa take saukewa? Me ta fi iyawa?" Ka tambayi mutum biyu daban-daban, in bakinsu ya zo ɗaya ka je. Taswirar Google ka riƙe ta don gane hanya kawai. Masu rubuta ra'ayi a kanta a nan ba su da yawa, wani ra'ayin ya shekara biyu, kuma mafi yawan masu tuwon da ake layi a kansu ba su ciki sam.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau, wato zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba kuma ba a firji ba, in zafin gari ya haura digiri 32 kuwa awa 1 ce. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, abincin da ya yi ɗumi-ɗumi kuwa a nan tsakiya yake zaune. Shinkafa ta fi kowa laifi. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda dafuwa ba ta kashe irinta. Idan shinkafa ta huce a hankali cikin kula, sai ƙwayar cutar ta farka ta zuba dafi, kuma ɗumame ba ya kashe dafin. Shi ya sa mutum zai ci shinkafa da rana, kafin isha amai ya taso.

Mutane da yawa suna zargin mai tuwon bakin titi, alhali abincin taron ne ya kayar da su. Duba yadda yake tafiya: an ɗora tun asuba, an zuba a roba wajen ƙarfe goma, an loda a bayan mota, manyan baƙi suka makara, jawabai suka yi tsawo, ba a raba ba sai ƙarfe biyu da rabi. Idan aka miƙa maka robar, ka ɗora tafin hannu a ƙasanta. In da zafi sosai, bisimilla. In ta yi ɗumi kawai, murfin ya jiƙe da gumi, ka buɗe ka shinshina, ka duba ko shinkafar ta fara danƙo. Haɗin kabeji da aka kwaɓa da bama ka ture shi gefe ko da ya yi kyau a ido. Alala ka gutsura ka gani, in tana jan yauƙi ka bar ta. Kuma don Allah kada ka ɗauki robar zuwa ɗaki wai za ka ci da dare. Idan abincin a jere yake cikin manyan tasoshi masu wuta a ƙasa, ka shiga layi da wuri, ka ɗebi wanda ke tururi.

In ka je gidan abinci da kanka, ka je tsakanin sha biyu da rabi da ƙarfe biyu, lokacin da tukunyar rana ke sauka. Wurin da ka tarar da ma'aikatan banki da na asibiti suna jira, yara suna fita da kuloli, abincinsa ba ya kwana. Wurin da ke da kujeru masu kyau da sanyin na'ura amma kai kaɗai ne a ciki da ƙarfe ɗaya, ka tambayi kanka tun yaushe miyarsu take firji, ga wutar lantarki ba tsayayya ba. Kafin ka zauna ka leƙa wajen wanke-wanke. Baho ɗaya mai ruwa ya yi kauri, mai yana yawo a kai, ana tsoma kwano a fitar, wannan ya ishe ka hujja. Ka kuma lura ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ke ɗaukar nama.

Abin da za ka ci kuma, da safe babu wahala. Masa daga tanda, ƙosai daga kasko, kunu ko koko mai zafi, ko mai shayi ya soya maka ƙwai a gabanka. Duk abin da aka yi kana kallo ya fi abin da aka ɗauko daga ciki. Da rana ka nemi tuwon shinkafa ko na dawa da miyar kuka, ko miyar sure, wato yakuwa, wadda Sakkwatawa ke ji da ita. Tana da tsami, in kana da gyambon ciki ka ɗanɗana kafin a zuba. Amma ranar da za ka gabatar da takarda kada ka cika ciki da tuwo. Zafin rana da malmala biyu, sai ka ga kana hamma a gaban jama'a. Ranar ka ci kaɗan, ka ci abin da cikinka ya sani, ɗanɗane-ɗanɗane ka bar shi sai ka sauka daga mumbari. Masu son sakwara, amala ko teba, akwai gidajen abincin Yarbawa da na Ibo a gari, ma'aikatan banki za su nuna maka.

Fura kuwa, wanda ya zo Sakkwato bai sha ba ya yi asara, kuma da zafin nan babu abin da ya kai ta riƙe ciki. Sai dai hatsarinta ba a geron yake ba, yana cikin ruwan da aka dama da shi, da ƙanƙara, da nonon da ba a tafasa madararsa ba kafin a ɗaura. Ka miƙa wa mai damun ruwan gorarka ka ce da shi za a dama. Ka ce ban da ƙanƙara, don ba ka san ruwan da aka daskarar ba. Ka tambaya ko an dafa madarar. Ka sha a take, kada a ƙulla maka a leda ka bar ta a mota. In kana shakka, akwai shaguna masu dama fura da yogot a injin markaɗe, ka duba dai firjinsu yana aiki. Kunun aya da zoɓo na gora da ake yawo da su a rana, ka haƙura. Kunun aya musamman ba ya jure zafi, gorar ma sau da yawa tsintacciya ce aka wanke. Ruwan sha ka tsaya kan na gora mai hatimi, ko na leda mai lambar NAFDAC, ka riƙa sha tun kafin ƙishi ya kama ka.

Dare na nama ne, kuma a nan garin ba ya jin kunyar kowa. Ƙasar kiwo ce, ga kasuwar Kara, ga jar akuyar Sakkwato da duniya ta sani saboda fatarta. Masu tukuba suna hura wuta bayan la'asar, naman ya fi kyau daga magariba zuwa bayan isha kaɗan. Da rana tsaka in ka ga tsire a jere, mai yiwuwa kwanan jiya ne aka shafa wa mai. Ka tsaya gaban mai balangu ka nuna yankin da kake so da kanka, ka tambaya na rago ne ko na sa, domin a nan har raƙumi ana yankawa, halal ne amma gara ka san abin da ka saya. In ya yanka, ka ce ya mayar kan wuta ya juya har ya yi ƙara, ka duba tsakiya babu ja. Yaji a ƙulla maka daban. In gyaɗa ba ta karɓe ka ba ka tuna tsire da kilishi duk da ƙuli-ƙuli ake yin su. Albasa a yanka sabuwa a gabanka, kabeji da tumatir da suka yini a tire a bar su. In da hali a naɗe maka a takardar gashi mai ƙyalli, ba tsohuwar jarida ko takardar siminti ba. Kifi ma akwai, na kogin Rima da madatsar Goronyo. In za a gasa maka ɗanye, ka ɗaga marfin kunnensa ka ga ja ne, ido bai faɗa ba, naman kuma in ka danna yana dawowa. Neman abinci dai kada ya fitar da kai wajen gari da dare, abin da ke cikin gari ya wadatar.

Idan akwai mata a tawagarku, wuraren nama da na shayi maza ne suka cika su. Ya fi sauƙi a aika direba ya sayo, ko a nemi gidan abinci mai ɗakin zama na iyali. Ranar Juma'a wurare da yawa suna rufewa daga wajen ƙarfe ɗaya sai an sauko, hanyoyin kusa da masallacin Shehu da na Sarkin Musulmi Bello kuma suna cika, saboda haka ka ci kafin ko ka jira. In taron ya faɗo cikin azumi, kada wanda ba ya azumi ya sa ran abincin rana a waje, ya shirya da kicin ɗin otal tun da safe.

Kuɗi ka riƙe tsaba ƙanana, domin tura kuɗi ta waya yana iya maƙalewa kana tsaye an riga an naɗe maka nama. In ofis ɗinku na neman rasit, ka tambaya kafin a zuba, masu tuwo da masu nama ba su da shi. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fi samun biyan buƙata a otal, inda zai ce a rage gishiri da magi, amma ya ba da oda awa guda kafin lokaci, don yawanci sai an ce ake ɗorawa.

In duk da haka ciki ya ɓaci, kada ka ruga ka ce taifot ne ka hau shan maganin ƙwayoyin cuta. Taifot ba ya bayyana a daren da aka ci abu, yakan ɗauki mako ɗaya ko fiye. Abin da ke kayar da mutum a wannan zafi ƙarewar ruwan jiki ne. Ka taho da ƙullin ORS a jaka, wato garin gishiri da sukari da ake narkawa a ruwa don mayar da ruwan jiki. In babu, ka haɗa lita 1 na ruwa mai tsafta, wato ledar ruwa 2, da cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri, ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, abin da ya kai awa 24 ka zubar ka haɗa sabo. Amma in ka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko gudawa kamar ruwan shinkafa, musamman da damina lokacin kwalara, ko fitsari ya ɗauke, to asibiti kai tsaye. Akwai asibitin koyarwa na jami'a da asibitin ƙwararru na jiha, duk a cikin gari.

Tsarabar kilishi ka bari sai ranar tafiya. Ka karya gefe ka ji ya bushe, ba ya lanƙwashewa da laima, ka shinshina babu warin tsohon mai. In yanzu aka ɗauke shi daga wuta, a bar shi ya huce sarai kafin a naɗe, a takarda tukuna sannan leda. Wanda aka ƙulle da ɗuminsa gumi yake yi, kafin kwana biyu sai ka ga fumfuna.