Na yi mafarkin masu garkuwa sun ɗauke ni, shin abin zai faru?

Tambaya: Allah gafarta Malam, sau uku ke nan cikin wata guda ina mafarkin 'yan bindiga sun shigo gidanmu da dare, sun tasa ni gaba zuwa daji, sun ɗaure min ƙafafu. Nakan farka jikina na ɓari, wani lokacin ko yatsa ba na iya ɗagawa. Maigidana direba ne, yana bin hanyar Funtuwa zuwa Birnin Gwari. Wata maƙwabciyata ta ce ishara ce, in nemi mai duba. Mene ne fassararsa?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya kwantar miki da hankali. Wannan mafarki ba labarin gobe ya kawo miki ba, kuma zan gaya miki dalili.

A hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, mafarki kashi uku ne: bushara daga Allah, da tsoratarwar Shaiɗan, da abin da mutum yake saƙawa a ransa da rana ya gan shi da dare. Naki yana tsakanin na biyu da na uku, na fi karkata ga na ukun. Dubi abin da kunnuwanmu suka sha: ɗaliban Ƙanƙara a ƙarshen 2020, 'yan matan Jangebe a 2021, jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, yaran Kuriga a 2024. Ga maigida yana kan hanyar da kowa ya san halinta. Macen da ke kwana da waya a hannu tana jiran ya ce ya sauka lafiya, me kike zaton zuciyarta za ta nuna mata in ta rufe ido? Tsoron da kike haɗiyewa da rana don kada yara su gani, shi ne yake fitowa.

Rashin motsin nan kuwa shi ne dannau. A lokacin da mutum ke mafarki jiki yakan saki gaɓoɓi, to wani lokaci hankali kan riga jiki farkawa. Yana wucewa cikin ɗan lokaci, kuma ƙarancin barci da damuwa suna ƙara shi.

Game da ɗaurin ƙafa, magabata ba su ɗauke shi mugun abu ba. An ruwaito ta hanyar Ibn Sirin, malamin da ya shahara da fassarar mafarki, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, cewa suna son ganin mari a ƙafa, suna fassara shi da tabbata a kan addini, ƙuƙumi a wuya ne suke ƙi. Ban kawo wannan don in ce shi ne fassarar naki ba, na kawo ne don ki ga ba a fassara mafarki da zahirinsa kai tsaye. Ƙananan littattafan fassarar mafarki da ake sayarwa a bakin masallaci da sunan Ibn Sirin ma, malamai da yawa suna shakkar jingina su gare shi.

Abin yi a bayyane yake. In kin farka, ki yi tofi sau uku ta hagu, ki nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da kika gani, ki juya kwanciya, in kin samu iko ki tashi ki yi nafila. Sannan ki daina ba da labarinsa. Wani mutum ya zo ya ce wa Manzon Allah (SAW) ya ga an sare kansa yana bin kan da gudu, sai ya hana shi bai wa mutane labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi a barci. Kafin kwanciya ki riƙe Ayatul Kursiyyu, da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi. Ki kuma rabu da kallon bidiyon waɗanda aka kama a WhatsApp, musamman da dare.

Maganar mai duba ce ta fi damuna. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Bayan haka, na ga matan da aka tatse da sunan kuɗin rago da turare, wata har aka nuna mata ɗan'uwan mijinta aka ce shi ne mai kai rahoto ga 'yan daji. A wannan zamani irin wannan zargi yana iya cin ran mutum. Kada ki je.

Akwai tambaya ɗaya da zan mayar miki: an taɓa kama ki, ko wani naki, ko an kai hari garinku kina nan? In haka ne, kuma mafarkin ya haura wata guda yana dawowa, kina firgita da ƙarar babur, barci ya gagara, to wannan rauni ne a zuciya irin wanda likitoci suka sani kuma suke magani. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma ba ya hana addu'a. Ki zauna da maigida ki faɗa masa tsoron da kike ji game da hanyar, ba mafarkin ba, ku yi shawara kan barin tafiyar dare da kiran waya in ya isa.